Iyon Gulbi da Iyon Kwami

Da ana mayar da rana baya, akwai tafiya ɗaya da ba zan yi ba. Ita ce tafiyar da na ɗebi yara huɗu 'yan gulbi na kai su gasar iyo ta kwalejoji a birni, alhali babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa sa ƙafa a kwamin iyo na siminti. Ni ma ban taɓa ba. Na fara da wannan ne saboda ku matasan da ke fitowa yanzu da takardar koyar da wasanni, usur a wuya, farin takalmi a ƙafa, kuna zaton aikin bai wuce a tsaya a inuwa ana daka wa ɗalibai tsawa ba. Sunana Bawa, amma a kwalejinmu da ke Yelwa kowa Baba Koci yake kirana. Karatuna bai yi nisa ba. Lebura aka ɗauke ni, daga baya aka ba ni makullin siton kayan wasa, sai da furfura ta fara fitowa aka tura ni ɗan kos na horar da 'yan wasa.

Aikina na farko shi ne zana filin ƙwallo. Ana ba ni farar ƙasa a farkon shekara, kafin tsakiyar zango ta ƙare. Daga nan sai in tura baro zuwa wajen mata masu bandar kifi a bakin kwata, inda jiragen ruwa ke tsayawa, in roƙi toka. Toka tana zana layi da kyau, matsalarta iska. Ka zana da safe, kafin la'asar rabin layin ya koma gonar maƙwabta. Sai na koyi jiƙa ta, in dama kamar kunu, in zuba a butar da na huda wa gindi. Ragar gola kuwa masunta ne suka koya mini gyaranta, da irin allurar icen da suke ɗinkin taru, babbar ragarsu ta kifi. Ƙwallo in ta fashe, wajen mai gyaran takalmi take kwana. Filin namu kuma a kan hanyar shanu yake, don haka kowace damina sai na je gaisuwa rugar da ke bayanmu da ɗan goro, mu yi yarjejeniya su riƙa ratsewa ta gefen tsamiya. Ba kullum ake cika alkawari ba. Na sha kwashe kashin shanu daga da'irar tsakiya alƙalin wasa yana tsaye yana kallon agogo.

Maganar kuɗi kuma ku sani tun yanzu. A makaranta irin tamu, kason wasanni shi ne kason da kowa ke aro. Famfon ɗakin kwanan mata ya lalace, a taɓa shi. Janareto ya ƙi tashi ana gab da jarrabawa, a taɓa shi. Da ina saurayi ina fushi da wannan. Da na girma na gane babu shugaban da zai bar ɗalibai ba ruwan sha don a sayi riguna. Ɗan abin da ya rage kuwa ƙwallon ƙafa ke cinyewa, don ita kowa yake so, ita kuma ake lallasa mu a kanta duk shekara. Manyan kwalejoji suna da bas, suna da masauki, suna da alawus mai tsoka. Duk yaron da ya iya taka leda a Yauri, kafin mu gaishe da mahaifinsa sun riga sun ɗauke shi.

A haka aka kawo mana sabon daraktan wasanni, Malam Nasiru, matashi mai digiri, mutum mai yawan tambaya. Ya zagaya sito, ya ga ƙwallaye masu faci, ya ga inda gara ta ci katakon tsalle. Da muka fito sai ya ce, "Baba Bawa, wane wasa ne Allah ya ba mu a nan wanda bai ba na tudu ba?"

Na nuna masa gulbi da haɓa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a tungayen masuntan can yaro yana iyo kafin ya iya ɗaura wando."

Ya juya ya kalli ruwan. Daga baya ya shiga ya fita har hukumar kwaleji ta yarda da abu guda: ɗalibai kaɗan da za su wakilce mu a iyo za a yafe musu kuɗin makaranta da na ɗaki, muddin ƙungiyar tana nan. Nemo su kuma aka ɗora mini.

Neman ɗan wasa a gulbi ba kamar nemansa a gari ba ne. Ranar kasuwa kake bi, ka shiga jirgin da ya sauke kifi zai koma, ka zauna a kan buhun gishiri. Abin da na tarar ya kusa sa ni juyawa. Waɗanda suka iya ruwa ba su da takardar gama sakandare, waɗanda ke da takarda kuma yawancinsu 'yan gari ne da ko kwale-kwale suka shiga sai sun rufe ido. Wani abokina ya ba ni shawarar abin da ake yi a wasu wurare, wai in ɗauko ƙwararrun masunta a yi musu katin ɗalibai na bogi. Na kai maganar wajen Malam Nasiru, don in faɗi gaskiya ta kwanta mini. Ya ce, "Baba, in muka ci da 'yan haya, wa muka koya wa wani abu?" Ban sake tayar da ita ba.

A wata tunga ta ƙasar Shanga na sami Hamisu. Ya gama sakandare a hannun kawunsa a gari, sakamakonsa mai kyau, amma babu halin ci gaba, sai ya koma jan taru. Na gan shi ya faɗa ruwa ya kamo wani kwale-kwale da ya kwance, ya dawo da igiyar a haƙori, ko haki ba ya yi. Na nemi mahaifinsa, Malam Gado, wani dogon dattijo da ke zaune yana ɗaura ƙugiyoyi a mamari, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiya jere da ake shimfiɗawa a ruwa. Na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni. Bai ɗaga kai ba sai da na gama.

Ya ce, "Malam, tsaya in gane. Iyon ga da ko agwagwa ke yi, shi za a ba shi karatu kyauta saboda shi?"

Na ce, "Awo, shi."

"To in ya yi iyon, mi za shi ɗaukowa can ƙetare?"

"Ba komai. Zai je ne ya dawo, a duba wa ya riga."

"Shi tai shi dawo hannu wohi?" Ya juya wajen mutanen da ke gyaran raga. "Ku ji sana'ar mutanen boko."

Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Da dariyar ta lafa ya ajiye ƙugiya ya dube ni. Ya ce duk cikin ɗiyansa wanga ne mai ƙarfin jan taru, in ya tafi sai ya ɗauki ɗan ƙwadago. "Na ba ka shi. Amma ka maido min shi da takarda. Kak ka maido min shi ba takarda, ba kuma hannun sana'a." Na ce na ji, na ɗauka. Daga baya na samo wasu uku daga wajen Wara da tsibiran da ke kusa, amma Hamisu ne gwaninsu, kuma shi ne wanda na san in aka rufe ƙungiyar ba shi da hanyar biyan ko zango ɗaya.

Atisayenmu a gulbi muke yinsa. Da safe in ɗauki hayar kwale-kwale, su faɗa ruwa, ina biye da su da agogo a hannu, su ƙetara zuwa wani tsibiri su dawo. Ƙarfinsu ya ruɗe ni. Ana saura 'yan makonni gasa Malam Nasiru ya kira ni ofis ya ce ya ware ɗan abin da zai kai yaran wani otal mai kwamin iyo a Kwantagora, ko sau ɗaya ne, su ga yadda abin yake. Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ai ruwa ne. Wanda ya ƙetare gulbi a cike, ɗan kwamin wanka zai gagare shi? Gara a sai musu riguna, kada mu shiga birni kamar 'yan gudun hijira." Ya ce, "Ka tabbata, Baba?" Na ce na tabbata. Ya bar ni don girman furfurata. Aka sayi riguna shuɗɗa masu sunan kwaleji a baya, muka shiga birni tsaf-tsaf.

Kwamin da muka tarar ruwansa garau, kana ganin ƙasansa, yana warin magani. An raba shi layi-layi da igiyoyi masu ƙwallayen roba. Yarana suka tsaya suna leƙe. Ɗaya ya tambaye ni a hankali ko ruwan sha ne. Na farko da aka kira ya yi iyonsa kai a sama yadda ya saba, ya isa bango, ya dafa ya fito ya zauna yana jiran a yaba masa, bai san ana juyowa ba. Na biyu maganin ruwan ya shiga idonsa ya tsaya yana murzawa. Na ce a raina ba komai, Hamisu yana nan.

Da aka hura usur Hamisu ya fita kamar an harba shi. Kafin tsakiya ya ba kowa rata. Sai na ga yana karkata, yana karkata, har kafaɗarsa ta taɓa igiyar layi. Yana jin igiya a jikinsa ya nutse, ya bi ta ƙarƙashinta, ya ɓullo a layin wani, suka yi karo da yaron da ke ciki. Alƙali ya ɗaga hannu. An cire shi. Ya fito yana ɗigar ruwa ya zo wajena, ya ce, "Baba Koci, me na yi?" Ni ma ban sani ba. A bas wajen dawowa ba wanda ya ci ƙosan da muka saya.

Malam Nasiru ne ya ɗauki wasan a wayarsa. Washegari muka zauna a ƙofar sito muna maimaita kallo. Ya ce, "Dubi nan, tun tashinsa ƙirjinsa ba ya fuskantar bango. Kamar yana ture wani abu da ba ya nan." Yana faɗin haka abin ya faɗo mini. Ɗan gulbi ba ya miƙewa zuwa inda zai je. In kana son ka sauka a wancan kwata, sai ka nufi sama da shi, ka tunkari ruwa da kafaɗa, ƙarfin gulbi ya sauko da kai daidai. Tun yana ƙarami haka jikinsa ya koya. Kanka kuma a sama yake don ka ga jirgi, ka ga dorina. Igiya kuwa, duk igiyar da ta taɓa ka a gulbi ko raga ce ko mamari mai ƙugiya, ba ka tsayawa tambaya, nutsewa kake yi ka wuce. Duk abin da ya sa aka cire Hamisu, shi ne abin da ya raya shi har ya girma. Ni da na tashi a bakin ruwa ya kamata in san haka tun kafin mu hau bas.

Wannan ita ce shekarar da na fi jin jiki a aikina. Kwamitin kuɗi ya zauna, aka kira mu. Ma'ajin kwaleji a lokacin Hajiya Kulu ce, mace mai tsare gida, ba ta dariya a ofis. Ta ce, "Malam Bawa, mai an ƙona, riguna an saya, an yafe wa mutum huɗu kuɗin makaranta. Me zan ce wa 'yan ƙwallo da ke wasa da takalmin aro?" Na ce kuskuren nawa ne, ba na yaran ba. Ta ce kuskure ba ya shiga akwatin kuɗi. Malam Nasiru ya roƙa har aka ba mu shekara ɗaya. Ba sisin kwabo na kayan aiki, kuma in ba a ga wani abu a gasa mai zuwa ba, an rufe ƙungiya, yafiyar kuɗin makaranta ta tafi da ita. Biyu daga cikin yaran ba su jira ba, suka tattara suka koma gida. Hamisu yana shekararsa ta farko, da sauran tafiya a gabansa. Na riƙa tuna fuskar Malam Gado duk lokacin da na wuce kwata.

Gina kwami a cikin tabkin da gulbinmu ya tara, wannan aikin ba a koya mini shi a kos ba. Mun yi ta yawo a gaɓa ni da Malam Nasiru har muka sami wani lungu da ruwa ke kwanciya, ba ya gudu, ƙasansa yashi, zurfinsa iya ƙirji. Ya kawo tef ya auna tsawon da ake amfani da shi a gasa. Muka kafa gora a kusurwoyi. Igiyar layi muka yi da tsohuwar igiyar taru, muka jera mata guntayen silifa irin waɗanda masunta ke ɗaurawa don raga ta taso, da jarkoki a tsakani. Bangon juyawa shi ya fi ba mu wuya, don sai abin da ƙafa za ta tokara bai motsa ba. Wani masassaƙin jirgi a Wara ya ba mu gefen tsohon jirgin da ya daina aiki, muka raba biyu, muka kafe kowanne da turaku da buhunan yashi. Ƙasan kwamin birni yana da baƙin layi da mai iyo ke bi da ido. Mu sai muka shimfiɗa farar igiya a ƙasa, muka danne da duwatsu. Tabaran ruwa guda biyu Malam Nasiru ya saya daga aljihunsa, ana karɓa-karɓa.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne tabki ba ya zama wuri ɗaya. Bayan damina ya cika ya haɗiye gorar, da bazara ya ja ya bar bangonmu a kan busasshiyar laka awaki suna hawa. Haka muka riƙa tumɓuke kwami muna binsa, gaba ko baya. Ma'aikaciyar asibitin kwaleji kuma ta kafa mana doka a kan tsargiya, cutar da ake ɗauka a ruwa, kowane zango sai an gwada kowa an ba shi magani. Sau biyu aka sace jarkokin. Na uku na bi su da jan fenti na rubuta sunan kwaleji, na je na gaishe da Sarkin Ruwa na wurin, daga nan ba a sake ba.

Gyaran Hamisu ya ɗauki watanni. Kullum ina tsaye a ruwa iya ƙugu da sanda, in ya ɗaga kai in taɓa ƙeyarsa, in ya karkata in taɓa kafaɗar. "Kai ƙasa, ido a igiya." Har a mafarki, in ji shi, yana jin muryata. Na sa shi ya riƙa gogar igiyar layi da gangan har jikinsa ya daina zabura. Ya koyi juyawa a bango, bayan ya sha buga kai a katakon jirgi. Wata rana ya fito yana murza goshi ya ce, "Baba Koci, jirgin nan ko da ya mutu bai daina faɗa da mutane ba."

Sai wani abu ya faru da ba mu shirya ba. Ɗalibai 'yan gari suka fara zuwa kallo, don ruwan ba zurfi kuma ga igiyar kamawa. Daga kallo sai tsoma ƙafa. Wani Bafulatani mai suna Jaɓɓi, wanda ya rantse ko da kuɗi ba zai shiga ba, shi ya fara roƙon Hamisu ya koya masa. Kafin ƙarshen zango sai da muka raba lokaci, har ɗalibai mata suka nemi a ware musu safiyar Asabar, wata malama tana tsaron su, mu maza muna can nesa a bakin hanya.

Gasa ta zagayo. Wannan karon Malam Nasiru ya kai yaran kwamin otal kafin tafiya, ban yi gardama ba. Hamisu ya tsaya a layinsa tun daga farko har ƙarshe, ya kai wasan ƙarshe, ya zo na huɗu. Ba lambar yabo. Na dawo ina shirya abin da zan faɗa wa mahaifinsa.

Ranar zaman kwamiti Hajiya Kulu ta ce kafin a yanke hukunci tana son ganin wurin da idonta. Ta zo da la'asar, ta tsaya a gaɓa da jakarta a hammata, tana kallon ɗalibai cike da layuka, Hamisu yana riƙe da haɓar wani yana koya masa numfashi. Sannan ta ce, "Malam Bawa, ka san inda muke tura ɗalibanmu koyon aikin koyarwa?" Na ce na sani, har makarantun tsibirai da ƙauyukan ƙetare. Ta ce, "A jirgi suke zuwa. Duk shekara ni ke sa hannu a kuɗin jirginsu, kuma ba na samun barci sai sun dawo." A zaman ta ce ba ta da abin ba ƙungiyar gasa daga kason wasanni, amma koyon iyo ga ɗalibin da za a tura ƙetare ba wasa ba ne, sashen koyon aiki ne zai ɗauki nauyinsa. Aka bar wa Hamisu da abokinsa da ya rage yafiyarsu a matsayin masu taimaka wa koyarwa. Har rigunan ceto aka saya mana.

Na ɗauka magana ta ƙare. Bayan hutun sanyi, lokacin da gulbi ke cike yana gudu, ɗalibai suka dawo ban da Hamisu. Kwana kaɗan sai ga Malam Gado da kansa a bakin kwaminmu, Hamisu yana bayansa kai a sunkuye. Ko gaisuwar kirki bai bari mun gama ba.

Ya ce, "Malam, mi ka yi wa yaron ga?"

Ashe a hutu jirginsu ya kwance ya maƙale a wani tsibiri, dattijon ya ce Hamisu ya ɗauko. Hamisu ya faɗa ruwa, kai ƙasa, ya miƙe sak kamar a layi. Gulbi ya kwashe shi ya yi ƙasa da shi bai sani ba, don ba ya kallo. Ya faɗa cikin ragar wani, igiya ta taɓa shi bai nutse ba, ya ci gaba da jan hannu har ƙafarsa ta sarƙe. Sai da mai ragar ya zo da wuƙa.

"Na ba ka ɗan gulbi, ka maido min ɗan kwami," in ji Malam Gado. "Takarda ba ta zo ba tukuna, hannun sana'a ya tai. Na zo ɗaukar kayanai."

Malam Nasiru ya shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya roƙe shi ya zauna ya sha ruwa kafin a kwaso kayan. Ya zauna yana kallon ɗaliban da ke cikin ruwa, fuska a murtuke. Jaɓɓi ne a layin gefe, yana ta bugun ruwa kai a ƙasa yadda na koya masa. Dattijo ya kalle shi, ya kau da kai, ya sake kallo.

"Wanga kuma ina za a kai shi?"

Malam Nasiru ya ce, "Makarantar tsibiri, Baba. Wata mai zuwa."

"Da wanga iyon?" Ya miƙe. "In jirgi ya kihe da shi tsakiyar gulbi, igiyar wa za shi bi da ido?" Kafin mu ce wani abu ya naɗe wando ya shiga ruwa iya gwiwa. "Kai, ɗan Hillo, ɗaga kanka ka ga duniya. Ba ni kafaɗar ga. A'a, wagga. Ruwa na tahowa ta nan, kai kuma can kaka so, to ina za ka nuhwa?"

Jaɓɓi ya nuna da hannu. Malam Gado ya ce, "Shanunka sun hi ka wayo," ɗalibai suka fashe da dariya. Har rana ta yi sanyi yana cikin ruwa, yana juya wannan yana zagin wancan. Da ya fito yana matse bakin wando, ya tsaya a gabana.

Ya ce, "Shi zauna shi ƙare karatunai. Amma ranar Juma'a bayan masallaci ka kawo min su bakin gulbi na gaske, shi da waɗanga duka, da jirgi biye da su. Kai ka koya musu naka na cin gasa. Ni in koya musu na kai rai gida."

Haka aka yi har ƙarfinsa ya ƙare. Bai taɓa karɓar ko kuɗin jirgi ba, sai dai goro. Hamisu ya koyi riƙe iyo biyu a jiki ɗaya, ya san wanda zai fitar in ya ga bango da wanda zai fitar in ya ga gaɓa. A shekararsa ta ƙarshe ya ciyo mana lambar tagulla a gasa, ya kai wa mahaifinsa takardarsa, yanzu yana koyarwa a ƙasar Ngaski, kuma shi ke turo mana sababbin yara masu ruwa da takarda duka. Kwaminmu na gora yana nan, ana ta binsa gaba da baya, ana kuma maganar gina na siminti. Ko an gina, na roƙi Malam Nasiru kada a daina zuwa gulbi ranar Juma'a.

Ku da za ku karɓi usur bayanmu, ga roƙona. Yaro zai zo muku da wata ɗabi'a a jikinsa da ba ta cikin littafinku, hannunku zai yi ƙaiƙayin gyara ta. Kafin ku ɗaga sanda, ku je garinsu, ku zauna da wanda ya haife shi, ku tambaya me take tsare masa. Ni sai da aka yanko yaron mutane daga cikin raga na yi wannan tambayar. Kada ku jira irin wannan ranar.